Mataci da Tsohuwar Tukunya: Waiwaye Kan Tarihin Giyar Dawa a Ƙasar Dutse

Duk wanda ya karanta littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, zai tuna da jerin manyan mutanen da ke kewaye da Barbushe a gindin Dala kafin zuwan Bagauda. Akwai Gijigiji maƙeri, akwai Hamburki mai magani, akwai Awar mai gishiri, sa'an nan akwai Bugazau, wanda aikinsa shi ne dafa giya. Watau tun a shafukan farko na rubutaccen tarihinmu, mai dafa giya yana zaune ne a sahu ɗaya da maƙeri da mai magani. Mu malaman makaranta mukan tsallake sunan nan da sauri in mun zo kansa a aji, kamar mai tsallake kwata da fararen kaya.

Ba sai na tsaya gaya wa mai karatu hukuncin giya a Musulunci ba. Haramun ce, ɗan makarantar allo ma ya sani. Abin da ya kawo ni shi ne kayan aikin sana'ar, musamman guda biyu: matacin da ake tace ƙullu da shi, da tukunyar da giya ke nuna a cikinta. Na farko ana wanke shi kamar za a kashe shi, ta biyu kuwa ana lallaɓa ta, ba a yarda soso ya ci ta sosai. Dalilin wannan bambanci shi ne ilmin da matan karkarar ƙasar nan suka riƙe shekaru aru-aru, kuma ilmin bai mutu tare da sana'ar ba.

Tarihin Kano ya ambaci Dutse a zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452), wanda aka ce ya auri 'yar Sarkin Dutse, ya kuma sake ambatonta a zamanin Kumbari (1731 zuwa 1743), wanda ya kai mata yaƙi. Musulunci ya riga ya shiga fadar Kano tun zamanin Yaji (1349 zuwa 1385) ta hannun Wangarawa, amma abin da ya shiga fada yakan daɗe kafin ya kai ƙauyen da ke bayan dutse. Ko a fadar ma da sauran rina a kaba, domin kuwa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa cin abin da aka ga dama da shan abin da aka ga dama, ba tare da duban halal ko haram ba, a cikin ɗabi'un sarakunan Haɓe da ya yi wa jihadi. Bayan jihadin da aka fara a 1804, Fulani ƙarƙashin Salihi da Musa suka karɓi mulkin Dutse, ta ci gaba da zama a ƙarƙashin Kano. Daga nan giya ta fita daga birni da kasuwannin Musulmi, ta koma gidajen waɗanda aka bari a kan addininsu suna biyan jiziya, watau Maguzawa. Masana da dama sun ce sunan ma daga kalmar Larabci ta Majusu ya fito. A kudu kuma, wajen Birnin Kudu zuwa iyakar Ningi, ga Warjawa, su ma da tasu giyar.

Joseph Greenberg, wani Ba'amurke masanin harsuna, ya zauna da Maguzawan ƙauyukan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya fitar da littafi a kansu a 1946. A lokacin Dutse gunduma ce ta masarautar Kano. Abin da shi da waɗanda suka biyo bayansa suka nuna shi ne giya ta ratsa rayuwar Bamaguje: da ita ake biki, da ita ake makoki, da ita ake tsafi, da ita kuma ake gayya. Batun gayyar nan ya fi muhimmanci ga mai nazarin tattalin arziki. Manomin da ya yi rarar dawa ba shi da banki, to sai ya mai da rarar giya, ya kira matasa su nome masa gona, baɗi ya sami rarar da ta fi ta bana. Ta wannan hanya mutum kan kai ga dame dubu har a naɗa shi Sarkin Noma. Mai dafawar kuwa mace ce. Ko da yake Bugazau namiji ne, a zamanin da aka fara rubuta labarin Maguzawa dalla-dalla sana'ar tana hannun mata, kuma kuɗin da ta sayar nata ne, ba na maigida ba.

Don a gane inda mataci ya shigo, dole a bi aikin a taƙaice. Ana jiƙa dawa ta kwana, a tsame, a shimfiɗa a inuwa a rufe da ganye, ana yayyafa ruwa kwana huɗu ko biyar har ta tsira. Sai a shanya, a murje saiwoyin da tsiron a sheƙe, a niƙa. Murjewar nan ba ado ba ce. Kowane makiyayi ya san gyauron dawa na kashe dabba, to gubar da ke cikin gyauro ita ce a cikin ɗanyen tsiro. Bayan niƙa sai a dama garin da ruwa a bar shi ya kwanta, a kwashe ruwan sama a ajiye gefe, a dafa mai kaurin da ke ƙasa, in ya ɗan huce a mayar masa da ruwan da aka ajiye. A nan akwai hikimar da ta daɗe kafin masu ɗakin gwaji su yi mata bayani. Ƙwayar dawa ba ta narkewa sai da zafi mai yawa, fiye da wanda sha'ir ke bukata, amma zafin nan yana kashe sinadarin da tsiro ke samarwa mai juya gari ya zama zaƙi. Ruwan saman da aka kwashe shi ke ɗauke da sinadarin, shi ya sa ake tsirar da shi daga wuta. Daga nan sai a bar ƙullun ya kwana ya yi tsami, a tace, a sake dafa ruwan na tsawon sa'o'i, a bar shi ya huce, a juye a tsohuwar tukunya mai ɗauke da guntun giyar baya. Kwana ɗaya ko biyu ta nuna. Aikin duka yakan ci kusan mako guda, abin da aka samu kuwa bai fi kwana biyu ko uku ba ya zama ruwan tsami da ba ya shawuwa. Wadda aka tace tas ita ce fito, wadda aka bari da kauri ita ce burkutu, ƙarfinsu kuwa yakan tsaya tsakanin kashi 3 da kashi 6 cikin ɗari.

Matacin ba wani abin a zo a gani ba ne. Kwando ne da aka saƙa, a shimfiɗa masa ciyawa a ciki, a ɗora bisa itatuwa, a kafa tukunya a ƙarƙashi. Wasu kuma tukunya mai huje-huje ce ko gwagwa. A Burkina Faso da arewacin Gana, inda ake dolo da fito ta wannan hanya, sukan daka karan kuɓewa ko ɓawon wata itaciya dangin dargaza su zuba, yauƙin ya ja gari ya kwanta kafin a zo tata. Amma duk rashin kwarjinin mataci, a nan ne aikin mako guda ke tsira ko ya lalace. Abin da ya rage a cikinsa bayan tata dusa ce jiƙaƙƙiya, mai ɗumi, mai sauran zaƙi. A zafin bazarar Dutse, inda ma'aunin zafi kan haura 40 a watan Afrilu, dusar nan ba ta kai yamma sai ta fara wari, kwana biyu kuwa ta yi furfura. In aka bar ta ta bushe a cikin saƙar kwando, ta zama kamar dabe, ruwa ba ya fitar da ita, kuma tata ta gaba za ta ɗauki ruɓar ta baya.

Saboda haka ka'idar ita ce, ana gama tata ake wanki, ba a cewa sai an huta. A zazzage dusar a ba dabbobi. A zubar da ciyawar gaba ɗaya, domin yanko sabuwa ya fi wanke tsohuwa sauƙi da tsafta. A kifa kwandon a kwara masa ruwa ta baya, don abin da ya shiga ta ciki ya koma ta inda ya shigo. A cuɗe da toka da soso, a ɗauraye, a rataye a rana har ya bushe ƙayau. Mai ilmin kimiyya zai ce toka tana da kaifi irin na kanwa da sabulu, mai narkar da maiƙo da dauɗar hatsi, rana kuma tana hana furfura wurin zama. Tsohuwar da ke aikin ba ta san wannan bayani ba, amma hancinta ya san warin matacin da aka ajiye da danshi. Manyan tukwanen dahuwa su ma haka, a kankare ƙanzon da yashi da toka, don kada ya ƙone ya sa wa dahuwar gaba ƙauri.

Tsohuwar tukunya kuwa dokarta daban. Jikin tukunyar ƙasa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, a cikinsu yis ke zama daga wannan dahuwa zuwa waccan. In aka kankare ta tas, an kori ma'aikatan. Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani, Bafillatana ma takan bar guntun tsohon nono a ƙwarya don ya kama sabon madara. To amma tukunyar da ke riƙe alheri tana riƙe sharri. Ran da ƙwayoyin da ke mai da giya ruwan tsami suka rinjayi yis a jikinta, duk abin da aka zuba zai lalace, sai dai a wanke ta a babbaka da kara, ko a yi watsi da ita a je maƙwabta a roƙo guntu. Sanin ranar da za a bar tukunya da ranar da za a ƙona ta, shi ne ya raba gwana da 'yar koyo.

Yanzu bari mu leƙa Turai, domin sai an ga yadda wasu suka fuskanci matsala iri ɗaya ake gane namu. Su ma giyarsu ta sha'ir tana tsami, su ma da farko ganyaye da saiwoyi iri-iri suke zubawa, kamar yadda Kilafatan ya tarar ana sa zuma da barkono da saiwar wata ciyawa a cikin buzar dawa a Kulfo ta ƙasar Nufe a 1826. Abin da ya sauya musu al'amari shi ne furen wata yaɗo mai ɗaci da suke kira hof. An ambace shi a takardun wani gidan 'yan zuhudu na Korbi a Faransa tun shekarar 822, a ƙarni na 12 kuma wata malamar Kirista Bajamushiya, Hildegard, ta rubuta cewa ɗacinsa yana hana abin sha ruɓewa. A 1516 aka yi doka a Bafariya ta ƙasar Jamus cewa ba a sa komai a giya sai sha'ir da hof da ruwa. Ɗacin hof yana danne ƙwayoyin da ke kawo tsami irin na nono, shi ya sa giyar Bature ke yin watanni, har a yi fataucinta a jirgin ruwa. Watau Bature ya yaƙi tsami, Bamagujiya kuwa ta gayyato shi da gangan a daren da take barin ƙullu ya kwana, domin tsamin nan shi ke korar ƙwayoyin cuta, ta kuma amince cewa kayanta na kwana biyu ne. Hof ba ya yi a ƙasarmu. Yana bukatar doguwar ranar damina irin ta ƙasashen da ke tsakanin layi na 35 da na 55 daga tsakiyar duniya, kamar Halatau a Jamus da kwarin Yakima a Amurka, Dutse kuwa ba ta ma kai layi na 12 ba.

Amma hof ya zo da tasa wahalar. Bayan an tafasa shi kamar sa'a guda, dole a raba shi da ruwan, sai manyan masana'antu suka ƙera wani mazubi mai huje-huje a ƙasa don wannan aiki. Da Ingila ta soke lasisin dafa giyar gida a 1963, Shugaba Jimi Kata kuma ya sa hannu a irin wannan doka a Amurka a 1978, sai masu yi a gida suka yawaita, kowa na neman matacinsa. Nasu ko dai jakar nailan ce, ko wani dogon kwando na ragar ƙarfen da ba ya tsatsa da ake ratayawa a bakin tukunya, ƙofofinsa ba su fi sulusin milimita ba. Da yake yanzu mafi yawan hof niƙa shi ake yi a dunƙule kamar abincin kaji, in ya jiƙa sai ya zama taɓo mai danƙo ya toshe ragar, in kuma ya tsufa a jiki ya riƙa warin ruɓaɓɓen cuku. Mai karatu ya saurari ka'idojin da suke bi: a wanke nan take kafin danƙon ya bushe, a fesa ruwa daga waje zuwa ciki, a jiƙa a ruwan zafi da garin wanki mai kaifin kanwa, a goge da buroshi mai laushi, kada a sa soson ƙarfe, don yana karce jiki ya yi wa dauɗa maɓoya, kada a jiƙa a bilic, don yana cin ƙarfen ya huda shi, jakar nailan a juya cikinta waje a tafasa, komai ya bushe sarai kafin a ajiye. In aka cire ƙarfe da bilic, me ya rage wanda ba a yi da kwando da toka a bayan Birnin Kudu ba?

Inda suka rabu da mu shi ne tsohuwar tukunya. Louis Pasteur ya nuna a littafinsa na 1876 cewa ƙwayoyin halitta ne ke ɓata giya, a 1883 kuma Emil Hansen, a ɗakin gwajin kamfanin Carlsberg da ke Danmak, ya ware yis iri ɗaya tak ya rene shi shi kaɗai. Tun daga nan ba sa bukatar tukunya ta riƙe musu komai, yis a takarda yake zuwa, saboda haka duk abin da zai taɓa ruwan bayan ya huce sai an kashe ƙwayoyin da ke jikinsa. Ko hof ɗin ma ba ya iya wa ƙwayoyin da ke kawo tsami mai kaifi irin na binega, wanki ne kaɗai maganinsu, can da nan.

Zuwan Turawa bai kawo wa giyar dawa sauƙi ba, bai kuma kashe ta ba. Yarjejeniyar Birasels ta 1890 ta hana shigo da barasa mai ƙarfi irin su jin cikin yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, Gwamna Lugga kuma ya ɗora Arewa a kan wannan hani, abin da ya yi daidai da bukatar sarakuna. Giyar dawa aka bar ta ga waɗanda ba Musulmi ba, da sharuɗɗa kan sayarwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen Nguru da ya ratsa Ringim da Malam Madori ya kammala a 1930, baƙi suka biyo shi, burkutu ta sami sabuwar kasuwa a unguwannin baƙi da bayan barikin soja, inda garwa da duro suka fara maye gurbin tukunyar ƙasa. Giyar kwalba mai hof ta biyo baya: kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da Star a Ikko a 1949, ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963. Kundin Final Kod na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya sa hukunci a sashe na 403 kan Musulmin da ya sha abu mai sa maye ba don magani ba.

Abin dariya a tarihin nan ya faru ne a 1988, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Manyan kamfanonin da suka raina giyar ƙauye dole suka koma ga dawa, har da irin gajeren kaura SK5912 na cibiyar binciken noma ta Samaru, suka kuma ci karo da matsalar zafi da sinadarin tsiro wadda matan karkara suka warware da kwashe ruwan sama. Wani ciwon kan da ya dame su shi ne tata, domin ƙwayar sha'ir tana da ɓawon da ke zama mataci da kansa, dawa kuwa ba ta da shi, aikin da ciyawar cikin kwando ke yi ke nan. Masu bincike a jami'o'inmu sun gwada shuwaka da namijin goro ko za su maye gurbin hof, amma shi dai aka ci gaba da sayowa daga waje. Dawar da manomin Kiyawa ko Jahun ya kai kasuwa tana iya ƙarewa a kwalbar lemon malt mara sa maye da ake rabawa a walimar aure.

An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama babban birni, a watan Agusta na 2000 kuma gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, wadda ta hana dafa giya da sayar da ita. Kafin dokar ma sana'ar ta riga ta ja baya, domin jikokin Maguzawa da yawa sun musulunta, wasu sun zama Kirista a majami'un da su ma ba sa shiri da giya. Ban ga abin kuka a nan ba. Abin da nake so marubuta da ɗalibanmu su lura da shi shi ne kayan aikin ba su bi ta ba. Mai kunun zaƙi tana jiƙa gero, tana raba ƙullu biyu, ta dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, ta haɗa da ɗanyen da aka niƙa da dankali ko tsiro, ta bar shi ya kwana, da safe ta tace. Hanyar ɗaya ce har zuwa bakin mataci, a nan aka rabu: ita ba ta da tsohuwar tukunya, kuma duk ƙoƙarinta shi ne kada ta samu. Kunun da ya kwana biyu a jarka ya fara kumfa yana tsartuwa ya kama hanyar gidan Bugazau, ko mai shi ta sani ko ba ta sani ba.

Ita kuwa jarkar roba, da gorar lemon da ake tsintowa a sake cikawa, suna yin aikin tsohuwar tukunya ba tare da an sa su ba, domin bakinsu ƙunci ne, hannu ba ya shiga, guntun jiya yana maƙale a lungu yana jiran kunun yau. Kwandon ciyawa ya ba da wuri ga yadin tata da rariyar roba, wani lokaci ma buhun da aka ci taki a cikinsa. Yadin ba a zubar da shi kamar ciyawa, ana amfani da shi wata da watanni, kuma na sha ganin an matse shi an cusa a bokiti da danshinsa har washegari. Yaran da ke sayen kunu a ƙofar makarantunmu lokacin tara su ke shan sakamakon. Mai kunun da ta wanke yadinta ta baya da ruwan zafi ta shanya a igiya, ta kuma zuba tsakuwa da ruwan toka a jarka ta girgiza, kununta yakan kai la'asar da zaƙinsa. Na wadda ba ta yi ba kuwa, kafin azahar marfin gorar ya fara huci.